Mislike: Tsohuwar Kalmar Ƙi da Turanci Ya Jingine

Ko wanda bai taɓa zama a ajin Turanci ba, muddin yana riƙe da babbar waya, ya san kalmar like. Tun da Facebook ya fito da ɗan yatsan nan mai kallon sama a 2009 ta zama ruwan dare, har ka ji yarinya tana mita wai tun safe ta ɗora hoto babu wanda ya danna mata. Akasinta, wato dislike, ita ma ba baƙuwa ba ce. Ita ce yatsan da ke kallon ƙasa a YouTube, wanda kamfanin ya daina nuna wa jama'a adadin masu danna shi a ƙarshen 2021. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a gidan Turanci dislike amarya ce. Ta tarar da uwargida wadda ta girme ta da ɗaruruwan shekaru, sannu a hankali ta ture ta, ta gaje ɗakin. Sunan uwargidan mislike.

Idan ka buɗe babban ƙamus ka nemo ta, za ka ga ma'anarta a taƙaice: ƙin abu, ko rashin jin daɗinsa, ko rashin amincewa da shi. A gefe kuma za ka ga alamar da masu ƙamus ke liƙa wa kalmomin da suka kwana biyu. Irin wannan alama guda biyu ce, kuma ba ɗaya suke ba. Obsolete ta kalmar da ta mutu murus ce, babu mai amfani da ita, sai dai a yi kiciɓis da ita a tsohon littafi. Archaic kuwa ta kalmar da ta fita daga hirar yau da kullum ce amma ba a manta da ita ba, marubuci yakan ɗauko ta da gangan idan yana son zancensa ya yi ƙamshin zamanin da. Mislike tana cikin rukuni na biyu. Ba za ka ji Bature ya faɗe ta a shagon burodi a Landan ba, amma in ya gan ta a littafi zai gane inda aka dosa.

Na daɗe ina koyar da adabin Turanci a sakandare, kuma cikin tsofaffin kalmomin da nakan tsaya in warware wa ɗalibai, babu wadda nake jin daɗin tsayawa a kanta kamar wannan. Tarihinta yana ɗauke da tambayar da ta wuce nahawu: idan ƙi ya shiga tsakanin mutum da wani abu, daga ina ya taso? Daga abin da aka ƙi, ko daga mai ƙin? Turanci ya fara da amsa ta farko, daga baya ya koma ta biyu, kuma a jikin wannan kalma ake ganin sawun juyawar.

Lokacin da abu ne ke yi wa mutum

Turanci ya shiga tsibirin Birtaniya a ƙarni na 5, a bakin ƙabilun Angil da Sakson da Jut, waɗanda suka ƙetaro teku daga yankunan da yau suke arewacin Jamus da Denmak. Bature na yanzu ba ya iya karanta wannan Turanci na farko sai ya zauna ya koye shi kamar baƙon harshe. A cikinsa akwai aikatau lician, kakan like, sai dai ma'anarsa ba "so" ba ce. Yana nufin gamsar da mutum, ko yi masa daɗi. Ba mutum ne ke yi wa abinci lician ba, abincin ne ke yi wa mutum. Da aka ɗora masa ɗafa-goshin mis-, mai nuna abin da ya baude ko ya munana, sai aka sami mislician: abu ya ɓata wa mutum rai, ya kasa gamsar da shi. Wannan ita ce mislike a ƙuruciyarta, kuma shekarunta a rubuce sun haura dubu.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon sharhi a nan, don haka muke magana kullum. Ka je wurin tela ka karɓi ɗinki, ka saka, ka juya gaban madubi, ka yamutsa fuska ka ce, "Gaskiya maigida, wannan wuyan bai yi mini ba." Ba ka ce ka ƙi rigar ba. Rigar ce ta gaza, kai kuwa abin samunka ya yi. Haka "ya burge ni", "ta kwanta mini a rai", "ya gundure ni". Ba mu kaɗai ba ne kuma. Sifaniyanci yana da gustar, Faransanci yana da plaire, Jamusanci yana da gefallen da akasinsa missfallen, kuma dukkansu abin da ake so ko ake ƙi shi ne aikau a jimlar, mutumin kuwa karɓau ne.

Saiwar kalmar ma tana da labari. Lic a Turancin da tana nufin jiki ko siffa. Abin da ya yi wa mutum lician shi ne abin da ya dace da shi, ya zo daidai da siffarsa. Daga wannan saiwa aka sami like mai ma'anar "kama da", daga ita kuma ɗafa-ƙeyar -ly ta fito, wadda ke ƙarshen kalmomi irin su manly da friendly. Ma'anar "jiki" kanta ba ta ɓace gaba ɗaya ba. A ƙauyukan Ingila, a bakin harabar tsofaffin coci-coci, akwai wata 'yar ƙofa mai rufin katako da ake kira lychgate. A ƙarƙashinta ake sauke makara a jira limamin coci ya fito ya tarbi gawa. Ma'anar sunan "ƙofar gawa". Jamusawa har gobe Leiche suke ce wa gawa. Wato kalmar da matasa ke dannawa a ƙarƙashin hoton biki 'yar ɗaki ɗaya ce da sunan gawa a Jamus.

Yadda aikau da karɓau suka yi musayar wuri

To yaya aka yi "abu ya yi mini" ya rikiɗe ya zama "ina son abu"? Amsar tana wutsiyar kalmomi. Turancin da yana sa wa suna ɗafa-ƙeya da ke nuna rawar da yake takawa a jimla. Duk wanda ya yi karatun nahawun Larabci a zaure ya san irin wannan: Zaidun ne ya yi duka, Zaidan ne aka daka, Zaidin ne aka wuce ta gabansa. Ko ina ka ajiye sunan a jimla, ƙarshensa zai gaya maka matsayinsa. Haka Turanci yake a da. Amma waɗannan ƙarshe-ƙarshen suka yi ta zaizayewa, musamman bayan 'yan Bikin daga Sikandinebiya sun zauna a arewaci da gabashin Ingila a ƙarni na 9, da kuma bayan Normawa sun ci ƙasar da yaƙi a 1066. Da suka kaɗe, sai ya zama wurin da kalma ta zauna a jimla shi ne kaɗai ke nuna aikinta: wanda ya zo kafin aikatau shi ne mai yi.

Wani masanin harshe ɗan Denmak, Otto Jespersen, wanda ya rasu a 1943, ya yi bayanin wannan da misalin sarki da 'ya'yan itace. A tsohuwar jimla, sarki ne ke zuwa farko, amma da alama a wutsiyarsa cewa shi aka yi wa daɗin, aikatau kuma yana cikin sigar jam'i domin 'ya'yan itacen ne masu aikin. Da alamomin suka goge, sai aka bar kalmomi uku tsirara: sarki, like, 'ya'yan itace. Mai sauraro kuwa ya ɗauka sarkin ne ke yin wani abu. Daga baya wata masaniya, Cynthia Allen, ta bi tsofaffin rubuce-rubuce ta nuna cewa lamarin bai zo da sauƙi haka ba, kuma ba a dare ɗaya ya faru ba. Tsohon gini da sabo sun yi ɗaruruwan shekaru suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Amma inda aka dosa ba a jayayya a kai: mutum ya tashi daga wanda abu ke samu, ya zama mai aikatawa.

Tsohon ginin ya bar 'yan ɓurɓushi. Methinks, da ake gani a tsofaffin wasanni, ba kuskuren "I think" ba ce, ma'anarta "ya bayyana gare ni". If you please asalinta "idan ya yi maka". Mislike ita ma ta bi sahun uwarta like, ta wayi gari da fuska biyu. It mislikes me na nufin abin bai yi mini ba. I mislike it na nufin na ƙi shi. A ƙarni na 16 duka biyun suna yawo a bakin mutane.

Zuwan dislike

Bayan 1066 Faransanci ya zama harshen fada da kotu a Ingila na kusan shekara 300, dubban kalmominsa suka kwarara cikin Turanci. Tare da su ɗafa-goshin dis- ya shigo, wanda asalinsa Latin ne. Da farko a jikin kalmomin aro kaɗai ake ganinsa. Da ya zauna ya saba, sai Turawa suka fara manna shi a kan nasu kalmomin na gado. Ta haka dislike ta bayyana a wajejen tsakiyar ƙarni na 16, kanta na Latin, gangar jikinta ta Sakson.

Ba ita kaɗai aka haifa ta wannan hanya ba, kuma abin da ya sami sauran yana haska abin da ya sami mislike. Wani lokaci tsohuwa da sabuwa suka zauna lafiya, kamar mistrust da distrust, waɗanda har yau ake musanya su. Wani lokaci suka raba gado. Misuse ita ce a yi amfani da abu ta hanyar da ba ta dace ba, disuse kuwa a daina amfani da shi. Misbelief imani ne karkatacce, disbelief kuwa ƙin gaskatawa. Ka ga yadda rabon ya kasance: mis- ya tsaya a kan "an yi, amma ba daidai ba", kamar a mistake da mislead da misprint, shi kuma dis- ya ɗauki "akasin yi".

A ganina nan mislike ta rasa gindin zama. Ma'anarta akasin so ce, amma kanta yana cewa "so ba daidai ba". Kunnen da ya saba da mislead zai ji ta kamar an so abin da bai kamata a so ba. Dislike kuwa ta faɗi abin da take nufi kai tsaye. Ba a yi taro an yanke hukunci ba, baki ne kawai ya fi karkata ga wadda ta fi sauƙin ganewa. Lokacin da Samuel Johnson ya fitar da ƙamusunsa a 1755 mislike tana ciki, amma tana kan hanyar komawa harshen littafi.

Wani abin sha'awa shi ne, da dislike ta zo ita ma sai da ta ɗan yi aiki da tsohon gini. A wasan Othello na Shekspiya, wanda ɗalibanmu suka karanta don jarrabawar WAEC daga 2016 zuwa 2020, akwai daren da makiri Iago ya matsa wa Cassio, mataimakin Othello, ya sha giya da abokai. Cassio ya san kansa ba ya ɗaukar barasa, ya riga ya sha kofi ɗaya kuma ya ji ta a jikinsa, ga shi yana kan aikin gadi. Iago ya yi ta lallaɓarsa har ya yarda zai shigo da baƙin. A wurin yardar ya yi amfani da dislike ta tsohuwar hanya, inda lamarin ne aikau shi kuma karɓau: zai yi, amma abin bai kwanta masa ba. Ginin jimlar ya yi daidai da halin mutumin a wannan dare. Ba shi ke jan ragama ba, jansa ake yi da ita, kuma kafin gari ya waye ya yi faɗa cikin maye ya rasa muƙaminsa.

Kalmar farko a bakin yariman Maroko

Inda mislike ta fi shahara shi ne wasan The Merchant of Venice, wanda Shekspiya ya rubuta tsakanin 1596 da 1598, aka buga shi a 1600. Akwai Portia, attajirar budurwa a Belmont, wadda mahaifinta ya rasu ya bar wasiyya mai tsauri. Duk mai son aurenta sai ya zaɓi ɗaya daga akwatuna uku, na zinariya da na azurfa da na darma. Hotonta yana cikin ɗaya. Wanda ya dace ya aure ta, wanda ya kuskure kuwa ya riga ya rantse ba zai sake neman aure ba har abada.

A farkon kashi na biyu yariman Maroko ya shigo da tawagarsa. Bayanin dandamali ya ce baƙin mutum ne mai ɗan ja, sanye da fararen kaya. Kalmar farko da ta fito daga bakinsa a wasan gaba ɗaya ita ce mislike. Yana roƙon Portia kada ta ƙi shi saboda launin fatarsa.

Kusan duk shekarar da na karanta wannan wuri da ɗalibai sai wani ya ɗaga hannu: "Malam, an yi kuskuren bugu, d ce ya kamata a sa." Sai in ce ya bar ta yadda take, mu ƙarasa jawabin tukuna. Yariman ya ce launinsa aikin rana ne, domin a maƙwabtaka da ita ya tashi. Ya ce a kawo masa mafi farin mutumin arewa, inda da ƙyar rana ke narkar da ƙanƙara, su tsaga jikinsu a ga jinin wa ya fi ja. Ya ce wannan fuska tasa ta razana jarumai, kuma 'yan matan ƙasarsa masu daraja sun so ta. Ya ce ba zai sauya launinsa ba, sai dai in don ya sace zuciyarta. Daga nan aji yakan yi tsit, domin yaranmu ba sa buƙatar a fassara musu halin mutumin da ya shigo wuri da mulkinsa da dukiyarsa, amma kafin ya gaisa sai da ya fara kare fatarsa.

Abin da nake so su lura da shi ƙarami ne. A zamanin ana iya gina jimlar ta tsohuwar hanya, a ce kada launina ya ɓata miki rai. Da an yi haka, da launin ne mai laifi, Portia kuwa abin samunta ya yi. Amma jimlar da aka sa a bakin yariman ta sabuwar hanya ce, kuma hani ce: ke, kada ki ƙi ni. Ba a hana mutum abin da ba shi da iko a kai. Yariman ya ɗauke ƙin daga jikin fatarsa ya ajiye shi a hannun Portia, ya mayar da shi aikin da za ta iya yi ko ta bari. Ga amsar tambayar da muka faro da ita, daga bakin wanda abin ya shafa. "Bai yi mini ba" magana ce mai kyau idan riga ake nufi. Idan mutum ake nufi, kuma halittarsa ce dalili, sau da yawa mafaka ce ta wanda ba ya son ya amsa cewa shi ne ya zaɓi ya ƙi.

Portia ta amsa masa da ladabi, ta ce ba da ido kaɗai take zaɓe ba, kuma ma zaɓin ba a hannunta yake ba. Amma masu kallo sun riga sun ji ta a kashi na farko tana gaya wa hadimarta Nerissa cewa ko da halin waliyyi gare shi, in dai launinsa na shaiɗan ne, gara ya zama limaminta da ya zama mijinta. Yariman ya yi dogon tunani gaban akwatunan, ya raina na darma, ya ɗauki na zinariya. Ya tarar da ƙoƙon kan mutum da 'yar takarda a kwarmin idonsa. Ya yi sallama cikin mutunci ya fita. Yana juya baya Portia ta yi murnar rabuwa da shi, ta yi fatan duk mai irin launinsa ya yi irin wannan zaɓi. Roƙon da ya buɗe baki da shi bai sami shiga ba tun kafin ya furta.

Mutanen Landan na lokacin ba tatsuniya suke jin Maroko ba. Sarauniya Elizabet ta ɗaya ta ba wa kamfanin fatauci da ƙasar izini a 1585, Ingila tana sayen sukari da sinadarin albarushi daga can. Sarkin Maroko na lokacin, Ahmad al-Mansur, shi ne wanda rundunarsa ta ƙetare Sahara ta karya daular Songai a Tondibi a 1591, zinariyar da ta kwarara fadarsa ta sa ake yi masa laƙabi da al-Zahabi. Wasu masu nazari suna ganin ba banza ba aka sa yarima daga wannan ƙasa ya miƙa hannu ga akwatin zinariya. A 1600 jakadansa Abdulwahid bin Mas'ud ya isa Landan ya yi wajen wata shida, har aka zana hotonsa da farin rawani da takobi, hoton yana nan har yau. A gefe guda kuma, a 1596 majalisar sarauniyar ta fitar da takardu tana cewa baƙaƙen fata sun yi yawa a ƙasar, a kwashe wasu. Ana son sukarin Maroko da ƙawancenta a kan Sifaniya, ana kuma ƙyamar fatar mutanenta. A cikin wannan yanayi 'yan kallo suka fara jin kalmar daga bakin yariman.

Nauyinta a cikin 'yan uwanta

Turanci yana da kalmomin ƙi hawa-hawa, kamar yadda mu ma muke bambanta ƙi da tsana da ƙyama da gaba. Hate ita ce ƙiyayya mai zafi, tsohuwa ce tun zamanin Sakson. Loathe ƙyama ce mai tayar da zuciya. Abhor daga Latin take, tushenta tashin tsigar jiki. Detest ita ma Latin ce, asalinta la'antar abu tare da kafa Allah shaida. Mislike ba ta kai ko ɗaya daga cikinsu zafi ba. A cikin The Merchant of Venice ɗin nan, lokacin da Shylock mai ba da bashi ya tsaya gaban kotu yana bayyana abin da ke ransa game da Antonio, wanda yake bi bashi, hate da loathing ya ɗauko. Yariman kuwa bai zargi Portia da tsana ba. Ya zaɓi kalma mai sanyi, wadda ta dace da mai neman aure a gidan mutane.

Sauran wuraren da Shekspiya ya sa ta suna nuna wani launi nata, wato rashin amincewa da magana ko shawara. A kashi na biyu na wasan Henry VI, Gloucester ya gaya wa abokin hamayyarsa Kadinal cewa ba kalamansa ne yake ƙi ba, ganinsa ne ba ya so. A kashi na uku, Sarki Edward ya yi amfani da ita a matsayin suna, yana cewa 'yan uwansa su ajiye rashin amincewarsu gefe su kawo hujja a kan auren da ya yi. A Antony and Cleopatra, bayan Antony ya sa an yi wa manzon Kaisar bulala, ya aika cewa in Kaisar bai ji daɗin abin da aka yi ba, to ga wani tsohon bawansa nan a hannunsa, ya rama a kansa. A duka ukun manya ne ke magana da manya, ana auna juna. Shi ya sa har yau kalmar take da ƙamshin fada.

Ta fuskar nahawu ba ta da wahala. Tana aiki a matsayin aikatau: mislike, misliked, misliking. Tana kuma zama suna ba tare da ta sauya siffa ba.

Inda ake jin ta yau

Masu rubuta labaran sarakuna da mayaƙa na zamanin da, da masu ƙirƙirar duniyoyin almara, su ne suka riƙe ta. Fitaccen misali shi ne marubucin Amurka George R. R. Martin, wanda littafinsa A Game of Thrones ya fito a 1996, aka mayar da jerin littattafan fim mai dogon zango daga 2011 zuwa 2019. Sarakuna da fadawa a littattafansa sukan yi amfani da mislike idan shawara ba ta kwanta musu ba ko sun hango wani abu da ba su yarda da shi ba. Ba ya rubuta Turancin da na gaskiya, da ya yi haka da babu mai karantawa. Yakan yayyafa irin waɗannan kalmomi jefi-jefi, mai karatu ya ji yana wani zamani ba tare da ya wahala ba. Matasa da dama a wurinsa suka fara ganin ta, har wasu suka zaci shi ya ƙirƙiro ta.

Ga ɗalibi da ma'aikaci shawarata biyu ce. Ta farko, a san ta don a gane ta, ba don a yi ado da ita ba. Muna da son manyan kalmomi a ƙasar nan, amma wanda ya rubuta mislike a takardar neman aiki ko a amsar jarrabawa, mai dubawa zai ja mata jan layi ne ya ɗauka bai iya rubuta dislike ba. Ta biyu, duk lokacin da aka gamu da like ko dislike ko mislike a rubutun da ya kai shekara 400, a tsaya a duba wane ne aikau kafin a fassara. Jimlar da ɗalibi zai karanta a matsayin "abin ya tsane ni" wataƙila cewa take yi "abin bai yi mini ba", kuma maki da yawa sun zube a wannan rami.

Kada kuma a ɗauka wata nakasa ce a jikin kalmar ta sa ta faɗi. Sa'a ce ba ta yi ba a ƙasar da Faransanci ya yi shekara ɗaruruwa yana mulki. 'Yan uwanta a harsunan arewacin Turai, inda dis- bai sami irin wannan shiga ba, suna nan garau. A Aisland har yanzu ana amfani da mislíka, kuma da tsohon ginin nan na "bai yi mini ba". A Norwe kuwa mislike, harafi da harafi, ita ce kalmar yau da kullum ta ƙin abu, tana cikin jaridu, tana bakin yara. Wanda ke son ya ji ta tana aiki ba a cikin wasan kwaikwayo ba, sai ya nemi bizar Oslo.